Me ya sa alamar ke juyawa? Daga 3 − 2x ≥ 7 zuwa rubutun tazara

[A allo: 3 − 2x ≥ 7. A ƙasa, amsoshi uku: [−2, ∞) da [−2, −∞) da (−∞, −2]]

Assalamu alaikum, 'yan makaranta. Wannan tambayar ce ta yi ta yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai, aka yi ta musu a kanta. Amsoshi uku ne a gabanku, kowacce kuwa tana da masu rantsuwa a kanta. Ku tsayar da bidiyon, ku zaɓi ɗaya.

Kun zaɓa? Ta ukun ce daidai. Abin lura shi ne waɗanda suka faɗi ba lissafi suka kasa ba, domin kowa ya samo −2. A taki ɗaya aka fi yin tuntuɓe, kuma nan za mu daɗe. Sauran kuwa da gudu za mu wuce su.

[Layin lambobi ya bayyana]

Mu fara da ƙa'idar rubutun, a gurguje. Rubutun tazara hoton layin lambobi ne a taƙaice. Ƙaramar lamba a hagu, babba a dama, kullum. Baka mai kusurwa, wato [ ko ], yana nufin lambar da ke jikinsa tana cikin amsa, shi ne cikakken ɗigon nan da ake yi a kan layin lambobi. Baka mai lanƙwasa, wato ( ko ), yana nufin an zo dab da ita amma ba a taɓa ta ba, shi ne da'irar nan da ba a cike ba.

Hausa ma ta riga ta raba su. In aka ce kuɗin mota bai wuce naira 500 ba, to yana iya zama 500 ɗin cif. Baka mai kusurwa ke nan. In aka ce bai kai 500 ba, 500 ta fita. Mai lanƙwasa ke nan. Alamar ∞ kuwa, wato mara iyaka, ba lamba ba ce da za a je a tsaya a kanta, saboda haka mai lanƙwasa take ɗauka har abada. Wani Baturen Ingila, John Wallis, shi ya fara amfani da ita a 1655, kuma har yau babu wanda ya isa can balle ya rufe ƙofa.

[Komawa kan 3 − 2x ≥ 7]

Mu debe 3 daga kowane ɓangare. Saura −2x ≥ 4. Babu gardama a nan.

Yanzu za mu raba da −2. Ku tsaya.

[Alamar ≥ tana juyawa a hankali ta koma ≤]

Amsar ita ce x ≤ −2. Alamar ta juya baki. A aji akan ce wa ɗalibi ya haddace kawai, a ganina kuwa wannan ne ya sa ake mantawa ranar jarrabawa. Ku ga dalilin da idonku.

[A kan layi: ɗigo a 2, ɗigo a 5]

2 bai kai 5 ba. Yana hagu da shi. Yanzu mu ninka kowanne da −1.

[Ɗigogin biyu sun tsallaka sifili, sun sauka a −2 da −5]

Kun gani? Sifili ya zama kamar madubi. Wanda ya fi nisa ta dama, shi ya fi nisa ta hagu. 5 da ke gaba ya koma −5, ya zama na baya. Yanzu −2 ne ya fi −5. Lambobin sun yi musayar wuri, dole alamar ta bi su, in ba haka ba ta yi ƙarya.

In madubin bai zauna muku ba, ku ɗauke shi a matsayin bashi. Mai naira 500 a aljihu ya fi mai 200. Amma wanda ake bi 500 da wanda ake bi 200, wa ya fi kwanciyar hankali? Mai ƙaramin bashin. Lambobin ba su canza ba, matsayinsu ne ya kife.

Wasu kuma sukan yi gyaran gangar auzinawa. Da zarar sun hango alamar debewa ko ta ina, sai su juya alama. A'a. Ku dubi 2x < −6. Da 2 muke rabawa, shi kuwa 2 yana sama da sifili, don haka x < −3, babu abin da ya juya. Tarawa da debewa ma ba sa juya komai, domin tura ɗigogin biyu suke yi gefe ɗaya, na gaba yana nan a gaba. Abin dubawa shi ne lambar da kuke ninkawa ko rabawa da ita. In tana ƙasa da sifili, a juya.

Wanda ba ya son wannan rigimar yana da wata hanya. A kai 2x ɗin ɗaya ɓangaren: 3 − 7 ≥ 2x, wato −4 ≥ 2x, wato −2 ≥ x. Ba a raba da lamba mai debewa ba. Sai dai a karanta daga wajen x: x bai wuce −2 ba. Amsa ɗaya ce.

[Layi: cikakken ɗigo a −2, kibiya ta nufi hagu]

To ga hoton. Kibiya ta yi hagu. Ku ɗora yatsa a ƙarshen hagu ku jawo shi dama. Me kuka fara tararwa? −∞. A ina kuka tsaya? A −2, kuma yana ciki. Ga shi: (−∞, −2].

Masu amsa ta biyu sun juya alamar daidai, sai suka fara rubuta −2 don shi suka fara samu. Rubutun tazara bai damu da wanda kuka fara samu ba. Hagu zuwa dama.

Masu amsa ta farko kuwa, gwaji ɗaya ya ishe su. A sa x ya zama sifili, tunda sifili yana cikin [−2, ∞). 3 − 0 ya ba da 3. Shin 3 ya kai 7? Bai kai ba. Amsa ta rushe. A gwada −5: 3 a tara da 10, 13, ya fi 7. A gwada −2 kansa: 7 cif, shi ya sa bakan ke da kusurwa. Daƙiƙa goma wannan ke ci, amma ɗalibai sun fi son su miƙa takarda su fita shan iska.

[Sabon allo: −1 < 3 − 2x ≤ 9]

Ga inda juyawar ke cin maki da gaske. A debe 3 daga duk wurare uku: −4 < −2x ≤ 6. A raba da −2. Alamomi biyu ne, duka biyun za su juya: 2 > x ≥ −3.

Ku kalli allon da kyau. Babbar lamba ce a hagu, ke nan ba a shirya rubuta tazara ba tukuna. A sake jera su: −3 ≤ x < 2.

[−3 da 2 suna musayar wuri, kowacce tana jan alamarta]

Kowace lamba da kayanta take ƙaura. −3 ita ke da 'yar sandar nan ta daidai a ƙarƙashin alamarta, ita za ta ɗauki baka mai kusurwa. Amsa: [−3, 2). Kuskuren da aka fi yi shi ne (−3, 2], wato an sauya wa lambobi wuri an bar bakunan inda suke tun farko. A gwada 2: 3 − 4 ya ba da −1, kuma −1 bai fi −1 ba. 2 yana waje.

Sauran da sauri. In amsa ta rabu gida biyu, kamar x < −1 ko x ≥ 4, a rubuta kowane gida daban a haɗa da wannan alamar mai kama da kofi: (−∞, −1) ∪ [4, ∞). Kada kuma ku ninka da x kai tsaye in yana ƙasan layin rabawa. A 6/x > 3, ba ku san ko x yana sama da sifili ko ƙasa ba, to ta yaya za ku san ko za a juya? Wanda ya yi gaggawa zai ce x < 2, alhali −1 yana ba da −6. Amsar gaskiya (0, 2) ce, kuma a nan tazara ce, ba ɗigo a kan jadawali ba, ko da yake rubutunsu iri ɗaya ne.

[Allo ya rabu biyu: (−∞, −2] da ]−∞, −2]]

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, na san tun ɗazu kuna cewa ba haka malaminku ke rubutawa ba. Gaskiyarku. A tsarin Faransa ba a amfani da baka mai lanƙwasa, mai kusurwar ake juyawa ya ba lambar baya. [−3, 2) a wurinku [−3, 2[ ne. Akan kuma raba lambobin da waƙafi mai ɗigo (;), saboda waƙafi zalla yana da aikinsa a lamba irin 2,5. Ni dai na fi son naku, domin ba ya rikicewa da ɗigon jadawali. Amma mai rubuta WAEC ko NECO ya tsaya kan wanda ke littafinsa.

[A allo: −5 ≤ 1 − 3x < 7]

Ga taku. Lambobin da za ku samu 2 ne da −2. Ku gwada kowacce a cikin tambayar kafin ku yanke wadda za ta ɗauki baka mai kusurwa.