Gidan haya da gobara: katangar da ta tsaya a silin

Ɗan'auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba sai na faɗi maudu'i ba, tun shekaranjiya a gurup ɗinmu na WhatsApp ba a zancen komai sai bidiyon gidan hayar nan da ya ƙone, ɗakuna a jere duk suka tafi.

Anti: Allah ya mayar musu da alheri.

Injiniya: Amin. Amma ku sake kallon bidiyon da kyau, katangun nan duk suna tsaye, ko ɗaya bai faɗi ba, rufin ne ya tafi daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Wutar ta sama ta bi. Yadda muke gini ai kun sani, magini ya ɗora bulo ya wuce linta da layi biyu ko uku ya tsaya, kafinta ya zo ya jera katako ya buga kwano, a rufe da silin, shikenan kowa ya ga ɗakinsa a rufe ruf, alhali in ka leƙa saman silin ɗin daga ɗakin farko har na ƙarshe fili ɗaya ne, ga busasshen katako ga wayoyin wuta an joɗa an naɗe da salatif, ga iskar hunturu tana shigowa ta ƙasan kwano.

Anti: Wato hitar maƙwabciyata ce za ta ƙona min kayan ɗaki.

Injiniya: Sosai ma Anti. Ta bar hita a jone a bokiti, Nepa su kawo wuta ƙarfe biyun dare, ke kina ɗaki na huɗu kina barci. Kuma hayaƙin ne ke riga wutar isowa, shi ya fi kashe mutane. Balle silin roba ɗin nan na PVC da kowa ke yayi, yana jin zafi sai ya narke ya riƙa ɗigowa, hayaƙinsa guba ne. Silin POP, wato na farar filasta, ya fi shi nesa ba kusa ba, don kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne, sai ruwan ya gama fita kafin zafi ya ratsa.

Ɗan'auta: Yaya tsaya, shi ya sa kenan nake jin alam ɗin maƙwabcina na asuba kamar a ƙarƙashin filona yake?

Anti: Kai alam kawai kake ji? Ni ƙamshin miya nake ji. Ina zaune zan gaya maka yau kuka aka kaɗa a ɗaki na uku, kuma daddawar ta yi yawa.

Ɗan'auta: Ai gara ƙamshi. Ɓeran gidanmu ba shi da ɗaki ɗaya, da magariba yana wajen mai shayi, tsakar dare ya dawo kaina, ya kamata ejan ya fara karɓar kuɗin haya a hannunsa.

Anti: Har da kuɗin ajiya da na lauya.

Ɗan'auta: Da na shara! Shi ne ma ya fi kowa daɗewa a gidan, ya ga masu haya sun zo sun tafi.

Anti: To a ba shi kiyateka mana.

Injiniya: Kun gama?

Ɗan'auta: Saura rasit ɗinsa.

Injiniya: To hanyar ɓeran nan ita ce hanyar wutar, har ɓarawo ma ta nan yake dirowa. Maganin kuma ba wani abu ba ne, katangar da ta raba ka da maƙwabci a ɗaga ta har ta taɓa kwano, bulo inci tara, a yi mata filasta, kuma kar katakon rufi ya ratsa ta ya haɗa ɗakunan biyu. Turawa ma sai da suka sha wuya suka koya. Gobarar Landan ta 1666 ta cinye gidaje sama da 13,000, a 1667 aka yi doka kowa ya gina da bulo ko dutse, har yau in ka ga tsofaffin gidajensu na jere za ka ga katanga ta leƙo saman rufi tsakanin gida da gida. A Amurka ƙa'idar ita ce bangon da ke tsakanin fulat da fulat ya iya riƙe wuta awa ɗaya.

Anti: Awa ɗaya kacal?

Injiniya: Awa ɗaya ai ta isa ki kwashe yara ki fita, motar kwana-kwana ta iso. Mu nan minti goma ma ba mu da shi. Inda abin ya fi ba ni haushi wajen gyara ne, mai gida ya ga haya ta yi tsada sai ya ɗauki gidan iyali guda ya tsaga shi gida huɗu, falo ya koma selfkon biyu, a raba da filawud a shafa fenti, mai fulamba ya huda nan, mai wayarin ya huda can, mai AC ya zo ya fasa nasa ramin ba wanda ya toshe da siminti, sannan baranda ta koma kicin kowa da tukunyar gas ɗinsa a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, tagogi kuma duk an walde su da ƙarfe.

Ɗan'auta: Kamar gobarar benen Grenfell ko?

Injiniya: Wancan ya ɗan bambanta amma shi ma gyara ne ya jawo. Yuni 2017, bene mai hawa 24 a Landan, wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu, ya kamata ta tsaya a fulat ɗin, amma abin da aka lulluɓe jikin benen da shi lokacin kwaskwarima ya kai ta har sama. Mutum 72 suka rasu. Mu ma muna da kundin ƙa'idar gini na ƙasa tun 2006, a Kano hukumar tsara birane, KNUPDA, ke ba da izinin gini, amma wa ke zuwa neman izini don zai raba falo?

Anti: To ni da nake haya me zan yi?

Injiniya: Kafin ki biya, ki sa yaro ya hau ya leƙa ta ƙofar silin da tocila. In ya hango har ƙarshen gidan—

Ɗan'auta: Yaya lokaci fa, batirin kyamara na ja. Mun ce za mu yi maganar wa zai biya kuɗin ɗaga katangar, mai gida ko ɗan haya.

Anti: Mai gida mana, ina da gado a gidan ne?

Injiniya: A'a tsaya, akwai bayani a nan, in yarjejeniyar—

Ɗan'auta: Sai mako mai zuwa. Ku turo mana saƙonninku, mu kwana lafiya.