Kakin Soja Mai Dabbare-Dabbare: Yana Ɓoye Mutum Kuwa, Kuma Me Ya Sa Ake Ta Sauya Shi?

An gabatar da wannan lacca ne a wani zauren taro a cikin birnin Kano, a gaban ɗalibai da malamansu. An rubuto ta daga faifan murya, an rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, malamaina, iyayenmu da ke sahun gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. An ce in gama kafin a kira magariba, to bari mu shiga kai tsaye.

Duk wanda ya taɓa bi ta gaban barikin Bukavu ya ga kakin nan mai kore da baƙi da ruwan ƙasa. An yi shi ne don ya ɓoye mai sanye da shi, amma a tsakiyar gari babu wanda ya kai soja fitowa fili. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa yadi ba ya ɓoye mutum shi kaɗai. Sai ya dace da wurin, ya dace da lokacin, ya dace da nisan da ke tsakaninka da mai kallonka.

A da ma soja ba ya neman ɓuya. Sojan Ingila jar riga yake sawa, kuma da dalili. Bindigar wancan zamani in ta wuce taku ɗari sai dai a yi sa'a, albarushinta kuma yana turnuƙe fili da hayaƙi. Kwamanda so yake ya hango mutanensa a cikin hayaƙin nan. Abin ya juya ne da Faransawa suka ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi a 1884, bindigogi kuma suka fara cin dogon zango. Daga nan mai jar riga ya zama abin saiti. Ingila ta fara gwada tufafi masu launin ƙura a Indiya tun wajen 1848, ta sha wuya a hannun Turawan Bowa a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, sannan ta mayar da masu launin ƙurar nan kayan aikin sojanta gaba ɗaya. Faransa kuwa ta ƙi ji. Da jan wando ta shiga yaƙin duniya na farko a 1914, saboda wasu manya suna ganin jan wandon nan martabar ƙasa ce. A rana ɗaya tak, 22 ga Agustan shekarar, an kashe sojojinta kusan 27,000. Ban ce wando ne ya kashe su ba, dabarar afkawa bakin bindiga mai jigida ita ce babbar musiba. Amma kafin 1915 ta ƙare an tuɓe jan wandon.

To yaya zanen yake aiki? Ku tambayi mafarauci, zai gaya muku abin da ido ke fara kamawa a daji motsi ne. Bayansa siffa, wato kai da kafaɗa biyu, sai ƙyalli, sai inuwa. Launi a baya yake zuwa. Ku dubi barewa: gadon bayanta ya fi duhu, cikinta fari. Rana na haska bayan, inuwa na rufe cikin, sai su daidaita, dabbar ta baje a ido kamar ba ta da kauri. Aikin dabbare-dabbaren kaki shi ne ya kakkarya siffar mutum, ido ya kasa haɗa hannu da ƙirji ya ce ga ɗan Adam. Kuma a nan nisa yake shigowa. Ƙananan ɗigo suna aiki in ana kusa, amma in aka ja da baya sai su narke su zama launi ɗaya. Manyan faci su ne ke aiki daga nesa. Zane mai kyau sai ya haɗa biyun.

Nan ne mutane da yawa suka ruɗe da zanen kwamfuta, mai ƙananan murabba'ai. Kanada ce ta fara fito da shi a ƙarshen shekarun 1990, sojojin ƙundumbala na Amurka suka bi a 2002, kuma nasu ya yi aiki. Sai aka ɗauka sirrin yana cikin murabba'an. Alhali abin da ya sa ya yi kyau shi ne an zaɓi launukan da suka dace, an kuma yi iri biyu, ɗaya na daji ɗaya na hamada.

Bari in ɗan daɗe a kan sojan ƙasa na Amurka, don babu misalin da ya kai shi. A 2004 suka ƙaddamar da sabon zane da ake kira UCP, suka ce shi kaɗai zai wadatar a daji da hamada da cikin gari. Kamar tela ne ya ce zai ɗinka riga ɗaya da za ta yi wa maigida da ɗansa na goye daidai. Launukan toka-toka ne da fari-fari da wani kore mai kama da wanda ya koɗe, babu baƙi ko ɗigo. Da aka kai shi Iraƙi da Afganistan, sojojin da kansu suka fara ƙorafi. A daji ya yi haske da yawa, a jar ƙasa ya yi toka da yawa, daga nesa kuma mutum ya zama dunƙule guda mai haske. In ka ga ya saje, to a kan tsakuwa ne ko bangon siminti. A 2009 majalisar dokoki ta sa baki, a 2010 aka fara ba masu tafiya Afganistan wani zane na wani kamfani mai suna MultiCam. Daga baya ofishin da ke bincika wa majalisa yadda ake kashe kuɗi ya nuna cewa ba a kan sakamakon gwaji aka zaɓi UCP ba tun farko. Kuɗin da aka ce ya tafi a kansa ya kai dala biliyan 5. Kada ku yi mamakin adadin, don sauya zane ba riga da wando ba ne kawai. Rigar sulke, jaka, murfin hular kwano, aljihun harsashi, duk sai an sake. Da aka zo ɗaukar MultiCam gaba ɗaya kuma aka kasa daidaitawa da kamfanin a kan farashi, sai rundunar ta koma wa wani zane mai kama da shi wanda take da haƙƙinsa. Ta fara rabawa a 2015, ba ta gama sallamar tsohon ba sai 2019. Shekara goma sha biyar kenan ana gyaran shawarar da aka yanke a ofis.

Ingila ta sauya nata a 2010 saboda dalili mai ma'ana. A lardin Helmand na Afganistan soja yakan fito daga busasshen fili ya faɗa gonaki masu kore shar a bakin kogi cikin sintiri ɗaya, ba kuma zai tsaya ya canza kaya ba. Sai suka nemi zane mai tsaka-tsaki. Mu nan mun fi kowa gane wannan matsala, sai dai tamu ta yanayi ce. Ku je dajin Falgore a watan Agusta, ku sake komawa a Fabrairu. Wuri ɗaya ne, amma da damina kore ne, da rani ciyawa ta koma launin kara, wani wurin an ƙone ya yi baƙi, hazon hunturu kuma ya wanke komai. Ƙasar da ke da rairayi a gefen Tafkin Chadi da fadamun Neja Delta ba za ta tsira da zane ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Amma in na ce muku duk sauyin da ake yi don ɓuya ne, na yi muku ƙarya. Akwai son a bambanta da wasu. Sojan ruwa na Amurka ya yi kaki mai dabbare-dabbare shuɗi, wanda babu inda zai ɓoye mutum sai in ya faɗa teku, inda kuwa so ake a gan shi a cece shi. An daina sa shi a 2019. Akwai kuma kwangila. A 2017 mai binciken kuɗin sake gina Afganistan ya bayyana cewa an saya wa sojan ƙasar zanen daji saboda ministan tsaro ya gan shi a intanet ya burge shi, a ƙasar da daji kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai na faɗinta. Ƙarin kuɗin ya kai dala miliyan 28. Ni a ganina, duk lokacin da kuka ji an sauya kaki, ku tambayi wa ya gwada shi, a ina, sannan wa ya samu kwangilar.

Sai na'ura. Tabarau mai gani da dare yana kama wani haske da idonmu ba ya gani, don haka ake rina yadin soja da rini na musamman don ya yi daidai da ganye a wannan hasken. Sabulun gari mai sa kaya ƙyalli da sitati suna ɓata wannan aiki, shi ya sa sojan Amurka ya hana sa wa kakin fage sitati. Na san mu Kanawa wannan zai yi mana ciwo, mu da ba ma fita sai riga ta miƙe. Kyamarar da ke gano zafin jiki kuwa ba ruwanta da launi. A yaƙin Yukiren, jirgi marar matuƙi yakan hango ɗumin jikin mutum cikin dare ko da wane zane ya sa, har sojoji sun koma lulluɓa da mayafi mai tare zafi.

A wannan yaƙin ne kuma wata tsohuwar matsala ta dawo. Kakin ɓangarorin biyu ya yi kama har ana harbin juna bisa kuskure, sai ga soja yana naɗa salatif mai launi a hannu da hula: 'yan Yukiren rawaya ko shuɗi ko kore, 'yan Rasha fari ko ja. A wurinmu gane sojan gaskiya ya fi ɓuya muhimmanci. Waɗanda suka sace 'yan matan Chibok a daren 14 ga Afrilun 2014 a matsayin sojoji suka zo, suka ce wa yaran sun zo kare su ne. Kama da wane ba wane ba ne, amma mutumin ƙauye cikin dare ta yaya zai bambance? Saboda haka wata rundunar takan sauya zane don kawai ta mallaki wanda ba a samunsa a kasuwa, ta kuma san masaƙar da ke yi mata shi.

Na ga wani ɗana a baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Yana tambaya ko laifi ne saurayi ya sa wandon soja da ya tsinta a gwanjo. Ɗana, doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a shingen bincike ba za a tsaya tambayarka nawa ka saya ba. Ka bar shi a wurin mai gwanjon. Sauran tambayoyi sai bayan salla, ga ladan ya fara kira. Wassalamu alaikum.