Miƙa masa wayar ka kama bakinka: lacca kan gwada manhajar jagoran baƙi a Kano

(An rubuto wannan ne daga rikodin wata lacca da aka yi wa matasa masu koyon haɗa manhajar waya a Kano. An cire sanarwar farko da wurin da lasifika ta ɗauke.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, yayye da ƙanne, sannunku da zama, na san akwai zafi, in sha Allahu ba zan riƙe ku da yawa ba. Toh abin da aka ce in yi magana a kai shi ne gwajin sauƙin amfani, wato yadda za ka gane ko mutum zai iya aiki da manhajar da ka haɗa alhali ba ka tsaye a kansa kana ce masa danna nan danna can. Kuma da labarin tamu manhajar zan yi bayanin, saboda ita na sani ciki da bai.

Mu huɗu ne muka haɗa ta, manhaja ce ta jagoran baƙo a Kano. Da muka fara, masu yawon buɗe ido muka sa a gaba, shi ya sa muka cika ta da Dutsen Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, har da tarihin cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kasuwar take, a ƙarni na 15. Hotuna masu kyau, taswira, komai. Duk wanda muka nuna wa a cikin abokanmu sai ya ce kai masha Allah, wannan aiki ya yi. To amma tsaya ka tambayi kanka, su waye baƙin Kano a kullum ta Allah? Je ka tashar Ƙofar Ruwa ko Unguwa Uku da sassafe ka ga masu sauka. 'Yan kasuwa ne. Daga Maraɗi, daga Damagaram, daga Maiduguri, wasu daga Cadi da Kamaru, kuma Kantin Kwari suka nufa sarin atamfa da shadda, ko Singa sarin kayan masarufi, ko Dawanau wajen hatsi, ko Wambai. Mutumin nan ba hawa Dala ya kawo shi ba, so yake ya san ina zai sami adaidaita, nawa za a caje shi, ina zai yi sallah, ina zai kwana in dare ya yi masa da kayansa ba tare da fargaba ba.

Sai muka ce bari mu gwada da su. Ga yadda ake yi, kuma ba wani abu ne mai tsada ba wallahi. Ka sami mutum irin wanda ka yi abin dominsa, wanda bai taɓa ganin manhajar ba. Ka nemi izininsa, ka gaya masa ƙarara cewa manhajar ake gwadawa ba shi ba, in ya kasa laifinmu ne, kuma in za ka ɗauki hannunsa a bidiyo ka faɗa masa, in ya ce a'a shikenan ka rubuta a takarda. Sai ka ba shi aiki na gaske. Kar ka ce masa danna wajen bincike ka rubuta Kwari, in ka faɗi haka ai ka riga ka ba shi amsa. Ce masa za ka yi, Alhaji ka ɗauka yanzu ka sauka a tasha kana son zuwa inda ake sarin atamfa, nuna min yadda za ka yi. Ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi, me yake nema, me yake zaton zai faru in ya danna. Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun fa shi ne aikin gaba ɗaya kuma shi ya fi komai wuya, saboda za ka ga yatsansa yana shawagi a kusa da madannin da ka kwana uku kana gyarawa amma bai gan shi ba, bakinka yana ƙaiƙayi. Ka daure. In ya juyo ya ce yaro ina zan taɓa, ka ce Alhaji in da ba na nan ina za ka taɓa?

Mutum na farko da muka zauna da shi wani dattijo ne ɗan Maraɗi, a kan benci kusa da mai shayi. Ya karɓi wayar, ya gyara hula, ya nisanta ta da fuskarsa saboda rubutun ya yi masa ƙanana. Shafin farko ya ce ya yi rijista da lambar waya. Ya sa lambarsa, manhaja ta ƙi, ya goge ya sake sawa a hankali yana karanta kowace lamba a fili, ta sake ƙi da jan rubutu. Me ya faru? Mun tsara gurbin ne ya karɓi lamba 11 irin ta Najeriya, shi kuma lambar Nijar 8 ce, da 227 a gaba. Kun ga mutumin da muka ce dominsa muka yi abin, tun a bakin ƙofa muka tare shi. Ya miƙo min wayar ya ce, ɗana wannan ta 'yan boko ce. Maganar nan ta tsaya min a rai har yau. Kuma da muka koma muka tambayi kanmu, wai me ma ya sa baƙo zai yi rijista kafin ya ga hanyar kasuwa? Ba mu da amsa. Muka cire rijistar gaba ɗaya.

Matsala ta biyu kuma a wajen bincike take, nan ina so masu rubuta kod, wato umarnin da manhaja ke bi, su buɗe kunne. Mu mun rubuta Ƙofar Mata da ƙa mai lanƙwasa, daidai ƙa'ida. Amma wa yake da wannan harafin a kibod ɗinsa? Kusan kowa Kofar Mata zai rubuta da k ɗin da ya saba, sai manhaja ta ce babu sakamako. Ba a nan ta tsaya ba. Wanda ya yi karatu a Nijar ko Cadi da salon Faransanci yake rubutu, Kurmi sai ya rubuta Kourmi, Dawanau ya rubuta Dawanaou. Wani kuma Singer zai rubuta wani Singa. Duk wuri ɗaya suke nufi kuma duk sun yi daidai, manhajar ce ya kamata ta gane su. Akwai wanda ma bai rubuta komai ba, alamar makirfo ya yi ta nema, don shi a WhatsApp saƙon murya yake turawa, rubutun da ya iya sosai na ajami ne. Wannan ba abin da za ka gano kana zaune a ofis ba ne, ko shekara za ka yi kana kallon sikirin.

Amma abin da ya fi girgiza mu shi ne taswira. Mu gani muke ita ce zuciyar manhajar, ɗigon shuɗi yana tafiya a kan layi kana bi. Wata Hajiya mai sarin kayan ɗaki, abokiyar aikinmu ce ta zauna da ita don ta fi sakewa da mace, kuma wannan ma ku riƙe shi, ta kalli taswirar ta juya wayar sama ta juya ta ƙasa, sai ta ce, 'yar nan ni ki yi min kwatance kawai. Kwatance! Ai haka muke nuna wa juna hanya tun kaka da kakanni. Ka miƙe har ka ga gadar sama, ka yi hannun dama, za ka ga masallaci, daga nan ka tambayi layin 'yan kaza. Bahaushe ba ya ce maka yi tafiyar mita 300 ka karkata arewa maso gabas. Kuma a cikin Kwari ma, gida-gida ne da layi-layi, kowane gida da sunan da aka san shi da shi, wannan sunan shi ɗan dako ya sani, shi mai adaidaita ya sani, ba abin da ke kan taswira ba. Sai muka sa kwatance a rubuce da kuma murya, da hoton alamar da za ka gani a hanya, da wani ɗan layi da ke cewa ga abin da za ka faɗa wa mai adaidaita. Taswirar tana nan ga mai so amma ta koma baya.

Wani zai ce to mutum nawa zan gwada da su, ni ba ni da kuɗin tara mutum ɗari. Ba ka bukatar ɗari. Akwai wani masani Jakob Nielsen, a shekarar 2000 ya yi bayani bisa binciken da suka yi da Tom Landauer cewa mutum 5 sukan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin, saboda daga na huɗu na biyar za ka ga abu ɗaya suke ta tuntuɓe da shi. Shawararsa ita ce maimakon ka tara 15 a lokaci ɗaya, gwada da 5 ka gyara, ka sake da wasu 5 ka gyara, ka sake. Sai dai a kula, wannan lissafin na mutane masu kama da juna ne. Ɗan kasuwar Damagaram da ɗalibar da ta zo daga Legas ganin Gidan Makama ba abu ɗaya suke nema ba, kowane rukuni ka samo masa nasa mutanen.

Sannan inda za ka yi gwajin. Manhajar tafiya a hanya ake amfani da ita, don haka a hanya za a gwada ta. A ofis akwai inuwa akwai wayifai akwai caji, wayarka kuma mai tsada ce. A tasha rana ce tsaka, haske ya kashe sikirin, rubutunmu mai ruwan toka a kan fari ɓacewa ya yi ɗungurungum. Hannu ɗaya yana riƙe da jaka, babban yatsa kaɗai ke aiki, ga hayaniya ga turereniya, madannanmu kuma ƙanana, ya nufi wannan ya taɓa wancan. Google da kansu sun ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 48dp, wajen milimita 9 ke nan, mu namu bai kai ba. Wayoyin da muka gani a hannun mutane yawanci Tecno ne da Itel da Infinix, wasu memori ya cika da hotunan kaya da kwastomomi ke turowa, in manhajarka ta yi nauyi ba ma za ta sauka ba. Uwa uba wanda ya tsallako boda sau da yawa layinsa ba data a nan, toh manhajar da sai da intanet take buɗewa ta mutu daidai lokacin da aka fi bukatarta. Dole kwatancen ya zauna a cikin wayar.

Kuɗin mota ma ya koya mana darasi. Mun sa farashin adaidaita daga wuri zuwa wuri, sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, namu farashin yana nan yadda yake. Wani matashi da muke gwaji da shi ya gani ya ce wannan ƙarya ce, kuma daga nan duk abin da manhajar ta nuna masa sai ya ce anya kuwa. Abu ɗaya ya gani ba daidai ba ya daina yarda da sauran. Yanzu kowane farashi da ranar da aka sabunta shi a gefe, kuma muna rubuta daga kaza zuwa kaza ne, tunda ciniki ake yi.

Sai maganar kara. Mutanenmu suna da kara, ba za su kalli idonka su kushe aikinka ba, balle ka saya musu shayi. Dattijon nan da ya kasa wuce shafin farko, da muka zo rabuwa cewa ya yi aiki ya yi kyau Allah ya ƙara basira, kuma har zuciyarsa addu'a yake min. In da tambayarsa kawai na yi ya ka ga manhajar, da na koma gida da murna ban gyara komai ba. Shi ya sa abin da hannu ya yi shi za ka rubuta: ya gama aikin ko bai gama ba, minti nawa ya ɗauka, sau nawa ya koma baya, a ina ya tsaya ya yi tsaki. Akwai wata takardar tambayoyi 10 da ake kira SUS, John Brooke ne ya fito da ita a 1986, ana fitar da maki daga 0 zuwa 100 kuma ana ɗaukar 68 a matsayin matsakaici. Tana da amfani in kana son kwatanta tsohon zubi da sabo, amma ni a wajen mutanenmu ban cika dogara da ita ita kaɗai ba, saboda karar nan tana shiga cikin amsa.

(A nan wata ɗaliba ta yi tambaya, muryarta ba ta fito sosai ba, kan ko sai an gama manhaja ake gwaji.)

Yawwa Malama, na gode da wannan tambayar. A'a, kar ki jira. Tun kafin ki rubuta layi ɗaya na kod ki zana shafukan a takarda, kowane shafi da fallensa, ki ajiye a gaban mutum ki ce ya taɓa da yatsa kamar waya ce, in ya taɓa sai ki canza masa falle. In da mun yi haka da matsalar rijistar nan da ta taswira tun a takarda za mu gan su, kafin mu zuba watanni. Kuma mutane sun fi sakin jiki su soki takarda, don sun ga gyaranta ba wuya. Ku tafi ku biyu, ke kina magana ɗayan yana rubutu, kar ku wuce minti ashirin da ɗan kasuwa don lokacinsa kuɗi ne, ki ba shi ɗan katin waya na godiya. Kuma ki fara gaida shugabannin tasha ko na kasuwa ki faɗa musu abin da ya kawo ki kafin ki zaro waya kina ɗaukar mutane, in ba haka ba za a yi miki wata fassarar.

Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma tasha gwada kwatancen murya, muna neman mutum biyu masu rubutu, musamman in akwai mai jin Faransanci ko Kanuri a cikinku. Wanda yake so ya same ni a bakin ƙofa bayan an yi la'asar.