Amsoshin Tambayoyinku: Mawaƙan Ingila masu ƙin hukuma da faifansu na 1994

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani ɗalibi a Zariya. Ya ce wani abokinsa ya tura masa faifan wasu Turawa da ake kira Chumbawamba, mai suna Anarchy, ya saurara ya rasa inda zai ajiye shi: nan kiɗan rawa, can kakaki, can kuma muryoyi zalla ba ganga. Yana tambaya: su wane ne waɗannan, kuma me suke wa'azi a kai?

To Malam, mun gode. Ƙungiya ce ta maza da mata da ta kafu a 1982 a arewacin Ingila. Sun yi shekaru suna zaune a wani tsohon gida a birnin Leeds, tukunyarsu ɗaya, aljihunsu ɗaya. Ba su da shugaba. Duk abin da za a yi sai an zauna an yi shawara, kuɗin da ya shigo kuma a raba daidai wa daida, mai rera waƙa da mai buga ganga. Wannan zaman shi ne aƙidarsu a aikace: sun yi imani cewa jama'a za su iya tafiyar da al'amuransu ba tare da sarki, gwamnati ko maigida a wurin aiki ba. Aƙidar, wadda Turawa ke kira anarchism, daga ita sunan faifan ya fito, ta girme su nesa ba kusa ba. Bafaranshe Proudhon ya yi rubutu a kanta tun 1840, kuma ma'aikatan Barcelona sun gwada ta a 1936 lokacin yaƙin basasar Sifen, inda suka karɓe masana'antu suna gudanarwa da kansu. Idan kana son misali na kusa, ka tuna aikin gayya: ba wanda ya tilasta wa kowa, amma gona ta nomu. Masu sukar aƙidar kuma suna cewa abin da ya yiwu a gona ɗaya ba lalle ya yiwu a ƙasa mai mutum miliyoyi ba, kuma suna da hujjarsu.

Game da cakuɗa kiɗa da ka ji, da gangan ne. Da farko kiɗan hayaniya suke yi, irin na matasan da suka fusata, a gaban mutanen da dama can sun yarda da su. Sai suka ga wa'azi ga wanda ya riga ya tuba ɓata yawu ne. Suka fara ɗauko ganga ta na'ura daga gidajen rawa, amshi mai zaƙi daga kiɗan rediyo, tsoffin waƙoƙin talakawan Ingila, har da guntayen muryoyin da suka yanko daga talabijin. Faifan Anarchy ya fito a 1994 ta hannun wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa, One Little Indian. A ciki akwai waƙar da suka yi da wasu mawaƙan rap don yaƙar masu wariyar launin fata, wadda ta fara fita a 1993, shekarar da jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta ci kujerar kansila a gabashin Landan. Bangon faifan ma sai da ya jawo surutu, don hoton jariri ne yana fitowa lokacin haihuwa, wasu shaguna suka ƙi baje shi a fili.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta tambaya ko sun taɓa magana kan Afirka. Ƙwarai kuwa, Hajiya. Faifansu na farko a 1986, wanda suka fitar da kamfanin kansu, caccaka ce ga gagarumin wasan Live Aid na 1985 da aka shirya don yunwar Habasha. Ƙorafinsu shi ne taurari sun yi suna da hotunan yara masu yunwa, ba wanda ya tambayi abin da ke haddasa yunwar.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, daga wani direba a Kumasi: an ce daga baya sun sayar da kansu ga manyan kamfanoni, gaskiya ne?

Gaskiya ne sun sa hannu da babban kamfanin faifai EMI a 1997, kamfanin da suka yi shekaru suna zagi saboda tsohuwar alaƙarsa da masu ƙera kayan yaƙi. Tsoffin masoyansu da yawa sun juya musu baya. A shekarar ce waƙarsu Tubthumping ta hau mataki na biyu a Birtaniya, na shida a Amurka, faifan da waƙar take ciki kuma ya sayu sama da miliyan uku a Amurka kaɗai. Amma ka dubi abin da suka yi da damar. A bikin ba da lambobin yabo na Brit a 1998, ɗaya daga cikinsu ya sheƙa wa mataimakin firayim minista John Prescott bokitin ruwan ƙanƙara, don nuna goyon baya ga 'yan dakon tashar jirgin ruwa ta Liverpool da aka kora daga aiki. Da kamfanin motoci General Motors ya biya su don sa waƙarsu a talla, sai suka miƙa kuɗin ga ƙungiyoyi biyu masu tona asirin manyan kamfanoni, har da shi General Motors ɗin.

A ganina ba kwaɗayi ne ya ci su ba. Inda dabarar ta ba su ruwa shi ne, zaƙin kiɗan ya rinjayi saƙon: miliyoyi sun yi ta tsalle da waƙar a filayen ƙwallo ba su san masu ita na da wata aƙida ba.

Ka kuma tambaya ko suna nan. Sun watse a 2012 bayan shekara 30. Sai dai sun bar wani ƙaramin faifai da suka naɗa tun da wuri kan tsohuwar firayim minista Margaret Thatcher, masoya suka biya kuɗi tun kafin lokaci, bisa alkawarin ba za a aika musu ba sai ta mutu. Ta rasu a watan Afrilun 2013, aka kuwa aika wa kowa nasa ta gidan waya.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.