Me Ya Sa Giyar da Kowa Ya Yaba Take Faɗuwa a Gasa?

[Hoto: dogayen tebura, kwalabe masu ruwan ƙasa ba takarda a jikinsu, mutane suna shinshina ƙananan kofuna]

Waɗannan da kuke gani suna cusa hanci cikin kofi, bakin aiki suke. Alƙalai ne. Wurin kuma gasa ce ta masu dafa giya a gida a Amurka, mutanen da ba kamfani gare su ba. A kicin ko garejin mota suke haɗa abinsu, kuma doka ba ta yarda su sayar da ko kwalba ɗaya ba.

Duk sanda irin waɗannan hotuna suka zagayo a intanet, tambaya ɗaya ce ke biyo baya. Mutum ya dafa abin da duk abokansa suka ce ba su taɓa shan irinsa ba, ya kai gasa, aka ba shi maki 24 cikin 50. Wani ya kawo abu salam, ya tafi da zinare. Sai a ce ai son kai ne, ko an sha da alƙalai. To, yawanci ba haka ba ne. Kuskuren tun wajen cike fom aka yi shi, a layi ɗaya tak, layin da ake zaɓar rukunin da giyar za ta shiga, kuma a kansa za mu daɗe yau.

Na san akasarin masu kallonmu ba sa sha, kuma ba tallar kowa muke yi ba. Yadda ake alƙalancin ne abin kallo.

[Hoto: tsofaffin hotuna baƙi da fari, ana fasa ganguna a titi]

Tarihi a gurguje. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta barasa. Da aka ɗage haramcin, an bar mutane su yi ruwan inabi a gida, amma giyar hatsi ta ci gaba da zama laifi. Sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta ta, ta fara aiki a 1979: galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, wato kusan lita 380, galan 200 idan baligai biyu ne ko fiye a gidan. A 1978 ɗin ne Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida, American Homebrewers Association, a garin Boulder na jihar Kolorado, shekara ɗaya bayan haka suka yi gasarsu ta ƙasa ta farko. Jihohin Misisipi da Alabama su ne na ƙarshe, sai 2013 suka amince. A 1985 kuma aka kafa BJCP, shirin da ke horar da alƙalai, yana yi musu jarrabawa, yana ba su matsayi. Shi ne ya rubuta kundin da yawancin gasanni ke aiki da shi, ba a Amurka kaɗai ba.

[Hoto: ana buɗe kundin, shafi bayan shafi]

Ga kundin nan. Bugun 2021 yana da manyan rukuni 34, kowanne da ƙananan rassa a ƙarƙashinsa. Kowane reshe an rubuta yadda ƙamshinsa ya kamata ya kasance, da launinsa, da yawan kumfarsa, da ɗacinsa, da ƙarfin barasarsa. Mai shiga gasa shi ke zaɓar reshen da zai sa giyarsa. Ba wanda zai zaɓa masa, kuma idan ya zaɓa ba daidai ba, alƙali ba zai ɗauke ta ya mayar inda ta dace ba.

To ga abin da ake kasa ganewa. Alƙalin nan ba tambayar kansa yake yi ko abin ya yi masa daɗi ba. Tambayarsa ita ce: abin da ke cikin kofin nan ya dace da sunan da mai shi ya ba shi?

Ku ɗauka a bajekolin dabbobi ne. Kana da ragon Uda lafiyayye, gaba baƙi baya fari, ya ƙoshi har yana rangaji. Sai ka rubuta shi a layin Balami. Alƙali zai duba ya ce Balami fari ne fat, wannan kuwa launi biyu gare shi. Ragonka ba shi da aibu ko ɗaya, amma a layin nan ba zai ci komai ba. Da ka tsaya da shi cikin 'yan'uwansa, wataƙila shi ne na ɗaya.

[Hoto: kofi biyu gefe da gefe, ɗaya gurɓatacce mai kumfa da yawa, ɗaya garau kamar zinare]

Ku dubi na hagu. Giyar alkama ce irin ta Bavariya a kudancin Jamus, ana ce mata Weissbier. Idan ka shinshina za ka ji ƙamshin ayaba da kanumfari, alhali ba a sa ko ɗaya a ciki ba, irin yis ɗin da aka tsima ta da shi ne ke fitar da su. A rukuninta wannan ƙamshin dole ne. Babu shi, an rage maki. Gurɓacewar ma ba laifi ba ce.

Na dama kuma Pilsner ce, irin da aka fara yi a garin Pilsen na ƙasar Cek a 1842. Ita ana son ta garau, tsaf. Idan alƙali ya ji ayaba da kanumfari a nan, zai rubuta cewa an samu matsala wajen tsimawa, ko wani baƙon yis ya shiga. Ƙamshi ɗaya ne fa. A tebur ɗaya shi ke kawo zinare, a na kusa da shi shi ke kayar da mutum.

Akwai wanda ya fi wannan ban dariya. A Beljiyam, a kewayen Brasels, suna da giya mai tsami da ake kira Lambic, wadda ake barin ta a buɗe yis na iska ya faɗa ciki. Kundin da kansa ya yarda a ji ɗan warin garke a cikinta. E, garken dabbobi. Alƙali zai shinshina, ya gyaɗa kai, ya ƙara maki. Ka kai wannan warin wani rukuni, a ce kayan aikinka ba su wanku ba.

[Hoto: takardar maki, alƙalami na bin layi]

Yanzu ku ga yadda ake raba makin. Ƙamshi 12. Kamanni, wato launi da kumfa, 3 kacal. Ɗanɗano 20. Yadda take a baki, kauri ko tsinkewa da yawan iska, 5. Ra'ayin alƙali gaba ɗaya 10. Jimla 50.

Sai ku duba ƙasan takardar, nan maganar take. Daga 45 zuwa 50, abin ya kai ƙarshe, kuma da wuya a ba da shi. Daga 38 zuwa 44, ya yi ƙwarai. Daga 30 zuwa 37, ya dace da rukuninsa, da 'yan ƙananan kurakurai. Daga 21 zuwa 29 kuma an rubuta ƙarara: ya kauce wa rukuni, ko yana da ƙananan kurakurai. Kun gani? Giyar da ba ta da aibi ko kaɗan, idan ta shiga gidan da ba nata ba, a ashirin da wani abu za ta maƙale. Mutuminmu mai maki 24 ke nan. Sau da yawa ma alƙalin zai rubuta masa a ƙasa cewa abin ya yi kyau, da a rukuni kaza ya sa shi da ya fi haka.

Me ke jawo wannan kuskure? Taurin kai ne, a ganina. Mutum ya tashi da niyyar dafa abu kaza, ya sayi tsiron sha'ir, ya sayi furen hof mai sa ɗaci, ya yi makonni yana jira. Abin ya fito daban, amma shi har yanzu sunan da ya raɗa masa tun ranar farko yake kira. Misali, ya yi niyyar American IPA, wadda kundin ya ce ƙarfinta daga kashi 5.5 zuwa 7.5 cikin ɗari ne, da ɗaci mai ƙarfi. Ta fito a kashi 5, ɗacin kuma ya yi sanyi. Wannan ai American Pale Ale ce, mai kashi 4.5 zuwa 6.2, kuma wataƙila mai kyau. Amma ya nace shi IPA ya dafa. Za a jera ta da wasu goma masu ƙarfi, ta zama kamar ruwa a tsakaninsu. Alƙali bai ga takardar girkinka ba, bai san niyyarka ba, bai ma san sunanka ba. Lamba ce kawai a gabansa da kofi.

Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa ka buɗe kwalba ɗaya, ka buɗe kundin, ka karanta kana kurɓa, ka yi kamar wani ne ya dafa. Ko ka ba wanda bai san komai a kai ba ya faɗa maka me yake ji. Wasu gasannin ma sun yarda ka sa giya ɗaya a rassa biyu daban, ka biya kuɗi biyu, ka ga inda ta fi karɓuwa. Wannan ba maguɗi ba ne.

Akwai wani rami kuma a rukunin da ake ƙara 'ya'yan itace ko kayan yaji. Nan dole ka rubuta abin da ka sa. To duk abin da ka rubuta, alƙali zai neme shi. Ka ce akwai mangwaro da citta da zuma da kirfa, ya ji uku bai ji zuma ba, an rage. Masu wayo abin da ake iya ji kawai suke rubutawa. Idan kuma ka zuba mangwaro ka kai rukunin da ba a san shi da 'ya'yan itace ba, kai ka jawo wa kanka.

Af, ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Rukuni na 31 yana da reshe na giyar da aka yi da wasu hatsi, kuma dawa da gero suna ciki. Wato hatsin da ake burukutu da fito da shi a wasu sassan Najeriya da Gana yana da gurbi a kundin nan.

[Hoto: hannaye na naɗe kwalabe, ana jera su a kwali]

Sauran matakan ba wuya, ku bi hoton. Rajista ta intanet, a biya kuɗi. Kwalba biyu ko uku, gwargwadon gasar. Yawanci mai ruwan ƙasa, mai cin mililita 355 ko kusa da haka, domin haske na ɓata giya, ya sa ta wari. A kankare duk wata takarda. Idan marfin yana da rubutu, a shafe da baƙin alƙalamin maka. Takardar shiga kuma da robar ɗaure kuɗi ake maƙala ta, ba da gam ko salatif ba, domin masu shirya gasa za su cire ta su sa lamba. Kowace kwalba a leda, a naɗe, a cika kwalin har ya daina ƙara idan an girgiza.

Gidan waya na gwamnatin Amurka ba ya ɗaukar barasa, don haka ko dai ka kai da hannunka wurin da aka ware, ko ka bi ta kamfanonin aike masu zaman kansu. Batun fitar da ita daga gida ma ya taɓa zama rigima. A 2010 an soke gasar bajekolin jihar Oregon saboda an fassara dokar jihar da cewa giyar gida ba ta barin gida, sai da majalisa ta gyara a 2011.

Lokaci ma yana da tasiri. Masu ƙamshin hof ba sa son jira, ƙamshin gudu yake yi. Masu ƙarfi sosai kuwa watanni ke gyara su. Ranar alƙalanci ake lissafawa da ita, ba ranar aikawa ba.

[Hoto: zauren gasa, masu hidima na kai kwalabe tebur]

Ranar gasa, alƙalai aƙalla biyu ne kan kowace kwalba. Ba a son su shafa turare. Ruwa da busasshen biskit ne a gefe don wanke baki. Kowa ya rubuta nasa shi kaɗai, sannan su tattauna, idan makinsu ya yi nisa da juna su daidaita. Ba kamar masu ɗanɗana ruwan inabi ba, waɗannan haɗiyewa suke yi, domin abin da ya rage a maƙogwaro yana cikin abin da ake aunawa. Shi ya sa kofunan suke ƙanana.

Wani abin da ke sake rikita mutane: idan rukuni ya yi yawa aka raba shi tebur-tebur, kowane tebur zai tura gwanayensa zagaye na gaba, a jera su gefe da gefe, a zaɓi na ɗaya da na biyu da na uku ba tare da duba makin farko ba. Don haka mai 38 yana iya doke mai 42, kuma ba a cuci kowa ba. Zakarun rukuni su ne ke haɗuwa a teburin ƙarshe a fitar da gwarzon gasa. A gasar ƙasa ta Amurka akwai kuma lambar Ninkasi, sunan gunkiyar giya ta mutanen Sumer na dā, a Iraƙi ta yau, ana ba wanda ya fi tara nasarori a zagayen ƙarshe.

Wanda bai ci komai ba ma ana aika masa takardun alƙalan, da duk abin da suka rubuta: warin man shanu, warin dafaffiyar masara, ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, da abin da ke jawo kowanne.