Jawabin Maraba ga Babban Lauya a Taron Wayar da Kan Manoma kan Dokar Sauyin Yanayi da Kasuwar Kabon, Ƙaramar Hukumar Maigatari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Hakimi, uban ƙasa. Mai girma babban baƙonmu, Babban Lauya, da tawagar lauyoyin da suka rako shi. Wakilin shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, limamai da malamanmu, Ardo da jama'arsa, iyayenmu mata, matasa, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo.

A madadin ƙungiyar manoma da makiyaya ta wannan gunduma, wadda nake wa sakatare, ina yi maka barka da zuwa. Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Mun san tun bayan sallar asuba ka baro Kano, ka biyo ta Gumel, ka sauka daga kwalta ka shiga yashi, ba don an biya ka ko sisi ba. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, balle baƙon da ya zo da abin da ake nema ruwa a jallo. Allah ya saka da alheri.

Wannan ƙasa da ka tako ƙasar masarautar Gumel ce, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Gero muke nomawa da dawa da wake, riɗi da zoɓo kuma su ne kuɗinmu, ran Alhamis mu kai dabba kasuwar Maigatari. Sauyin yanayi ba a rediyo muka fara jin sa ba. Ga dattawa nan zaune waɗanda suka ga farin 1973, suka sake ganin na 1984, suka binne shanunsu da hannunsu. Mu kuma mun ga damina tana makara, ta zo ta ɗauke gero na tsaka da fitar da kai. A 2022, muna nan muna duban sama, 'yan'uwanmu na Haɗeja da Auyo da Ringim suna kwashe kaya a kwalekwale saboda ambaliya. Jiha ɗaya, wani na kukan ƙishi, wani na kukan ruwa.

Ba mu naɗe hannu ba. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, shirin dashen itatuwa don tare hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma mun karɓi dashe mun shuka. Amma mafi yawan itatuwan da ka gani a hanya ba dashe ba ne, reno ne. Daga dangi na Damagaram da Maraɗi muka koyi sassaben zamani: in ka zo sharar gona ba ka tuge kututturen kalgo ko sabara, sai ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka rage sauran. Akwai gawo guda a gonar da na gada, wanda mahaifina ya hana a taɓa tun ina yi masa kiwon awaki. Da damina ya kaɗe ganyensa ya ba gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Geron da ke gindinsa yakan fi na sauran gonar tsawo da kamu guda, kuma ko makaho ya shafa zangarniya zai san daga ina aka yanko ta.

To, ranka ya daɗe, wannan gawo ne aka zo taya mana.

Bayan girbin bara wasu baƙi suka iso da motoci biyu. Suka zagaya gonaki da na'urar awo, suna ɗaura wa itatuwa igiya a ƙugu suna rubutawa, suna ɗaukar hoto. Suka ce akwai kamfanoni a ƙasashen waje da za su riƙa biyanmu saboda gurɓatacciyar iskar da itatuwanmu ke shanyewa. Da yamma aka taru a ƙofar mai unguwa, suka fito da takarda mai shafuka da yawa, da Turanci, da ƙaramin akwatin tawada. Bayanin baki bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Wasu suka dangwala, cikinsu har da baffana, wanda ya haura shekara 70. Na ga yana goge babban yatsansa a gefen riga yana tambayata ko kuɗin zai iso kafin azumi. Ba a bar wa kowa kwafi ba, sai daga baya da muka matsa aka aiko mana da guda ɗaya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ba mu da hujjar cewa da mugun nufi suka zo. Mai yiwuwa alheri ne. Sai dai na yi shekaru ina aikin malamin gona, ina karanta Turanci, amma na kwana uku a kan takardar nan ban fahimci rabinta ba.

Ga ɗan abin da muka tsinta. An ce duk tan ɗaya na iskar kabon, wato gurɓatacciyar iskar nan, da itace ya tsare, ana ba da takardar shaida ɗaya a kansa, wadda kamfanin da ke fitar da hayaƙi zai saya ya ce ya rage laifinsa. An ce yarjejeniyar sauyin yanayi ta birnin Faris ta 2015, a sashenta na 6, ta buɗe wa ƙasashe ƙofar irin wannan ciniki. Mun kuma ji cewa a watan Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron duniya kan sauyin yanayi na Gilasgo cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take tsarewa, kuma a cikin watan ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa. Iyakar saninmu ke nan. Daga Faris zuwa Abuja an faɗa mana hanya, amma daga Abuja zuwa gindin gawona babu wanda ya nuna mana.

Babbar damuwarmu ƙasa ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na al'ada a karkara. Mu kuwa yawancinmu ba mu da takardar gona. Shaidarmu ita ce layin gamba da ke kan iyaka, da kukar da kowa ya sani, da bakin mai unguwa. To wannan kabon da ake magana, na wa ne? Na mai gona ne, ko na wanda ya reni itacen, ko na hukuma? A nan akwai gonar aro, akwai ta haya, akwai ta jingina wadda ta shekara goma a hannun wani. Wanne daga cikinsu ke da ikon dangwalawa?

Sannan takardar ta ce shekara 30. Baffana, Allah ya ƙara masa lafiya, shi da kansa ya ce ba ya sa ran ganin ƙarshenta. Idan ta Allah ta kasance, gonar za a raba ta bisa shari'ar gado, 'ya'ya maza da mata, har da waɗanda ke aure a wasu garuruwa, ba wanda aka shawarta a cikinsu. Shin dangwalen uba yana ɗaure magada? In ɗaya ya so sayar da rabonsa don ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, zai iya?

Akwai wurin da aka rubuta cewa ba za a sare itace ba. Mun yarda, mu ma ba ma son sara. Amma shin sassabe reshe sara ne? Da bazara, lokacin da babu ko tsinke a ƙasa, reshen gawo ne ke riƙe da ran saniyar Bafulatani, kuma burtali ya ratsa ta gefen wasu gonakin da aka auna. Ardo yana nan, ba wanda ya tambaye shi. Iyayenmu mata da ke tsinto itacen girki, su ne ma suka fi kowa kula da tohon, ba a kira ko ɗaya wurin taron ba. Muna tsoron kada takardar da aka ce ta zo gyara ƙasa ta zama sanadin rigima tsakanin manomi da makiyayi, alhali mun daɗe muna sasanta tsakaninmu a zauren Hakimi. Haka kuma idan fari ko gobarar daji ta kashe itatuwan, ba da laifinmu ba, wa zai ɗauki asara? Za a ce mu mayar da abin da muka riga muka ci?

Batun kuɗi ma bai fito fili ba. An ce za a ba mu kaso bayan an cire kuɗin ɗawainiya, ba a faɗi nawa ne kason ba, ba a faɗi iyakar ɗawainiyar ba. Su za su auna, su za su sayar da dala, su za su faɗa mana abin da aka samu. Mun kuma ji cewa a farkon 2023 wani binciken 'yan jarida a Turai ya jefa shakku kan ɗimbin takardun shaidar dazuzzuka, farashi ya yi ƙasa. Wanda ya saba sayar da riɗi ya san tashi da faɗuwar kasuwa, amma riɗi kana ganin mudu ana aunawa a gabanka. Wannan kuwa muna gudun ya zama cinikin biri a sama. A shafi na kusa da ƙarshe kuma an rubuta cewa in saɓani ya taso, a Landan za a yi sulhu. Mutumin da kuɗin motar Dutse ke yi masa wuya, yaya zai kai ƙara Ingila?

Liman ma yana jiranka. Jama'a sun tambaye shi halaccin kuɗin, ya ce ba zai yi fatawa a kan abin da bai gane ba: sai an bayyana masa ko sayarwa ce, ko haya, ko ladan kula da itace.

Saboda haka roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne ka zauna da mu a kan takardar nan layi-layi, da Hausa, a gaban kowa. Mun ji akwai dokar da ke kare wanda bai yi karatun boko ba idan aka sa shi dangwala abin da ba a karanta masa ba. Ka faɗa mana ko ta shafi baffana da sauran waɗanda suka riga suka sa hannu. Muna roƙon a fassara mana duk wata yarjejeniya a rubuce kafin a kawo tawada, a kuma haɗa mu da lauyan da zai tsaya a ɓangarenmu bayan ka koma, ko ta Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ta ƙungiyar lauyoyi. Lauyoyi mata da ka zo da su, muna fata su keɓe da iyayenmu mata a cikin gida, domin akwai tambayoyin da ba za su yi a wannan fili ba. Kuma kai mai shiga inda ba ma shiga ne: in ka zauna da masu tsara ƙa'idojin kasuwar nan a Dutse da Abuja, ka tuna musu cewa a sa sharaɗin yardar mai gona da makiyayi da matar gida kafin a auna itace ko ɗaya.

Bayan an sha fura, Hakimi ya ba da izini mu taka da kai zuwa gonar baffana, ba ta da nisa, ka ga itatuwan da aka ɗaura wa igiya. Ga kwafin takardar nan a hannuna, shi kaɗai muke da shi, zan miƙa maka yanzu a gaban shaidu.

Allah ya ja da ran Hakimi. Allah ya ƙara wa baƙonmu lafiya da basira, ya mayar da shi gida lafiya tare da tawagarsa, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.