Fitar da Ɗalibai Su Karanci Gari

Assalamu alaikum. Malamai 'yan'uwana, abubuwa uku na zo da su, in lokaci ya bari.

Na farko, ku fitar da yaran daga aji, ku kai su bakin titi. Akwai irin bencin nan da ake gitta wa ƙarfe a tsakiya. Ku tambaye su amfanin ƙarfen, za su ce na ɗora hannu ne. Sai ku ce wani ya gwada kwanciya a kai. Nan take za su gane an sa shi ne don kada marar matsuguni ya kwana. Wani ne ya zauna a ofis ya tsara hakan. Wane ne? Don wa?

Wannan ya tuna mini da John Snow, wani likitan Ingila, ina son mutumin nan ƙwarai. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe mutum sama da 600. Manyan likitoci suka ce ɗoyin iska ne ke kawo ta. Shi kuwa Snow sai ya bi gida-gida yana tambaya, ya samu taswira, duk gidan da aka yi rashi ya sa masa alama. Gida-gida fa, da ƙafarsa! Alamun nan suka taru kewaye da famfo guda a Broad Street. Tun kafin ma ya zana taswirar, ya je ya shawo kan hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Abin mamaki, ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kusa suka tsira, don ba ruwan famfon suke sha ba. Malam na baya, na ga kana murmushi, ban ce a sha ba! Takarda, fensir da tambaya, su ke nan kayan aikinsa. Wane ɗalibi ne ba shi da su?

Na uku... au, na biyu ko? Paris. Daga 1853 Haussmann, jami'in da aka ɗora wa sake fasalin birnin, ya rusa tsofaffin lunguna ya shimfiɗa manyan tituna, talakawa da yawa suka koma bayan gari. Ku tambayi yara ina waɗanda aka tasa suka tafi.

Na'am, Malama? Tana cewa shugaban makaranta ba zai bari a fita da yara ba. To, ku fara da harabar makarantar. Ku nemi 'yar hanyar da sawun yara ya fitar a cikin ciyawa, alhali ga daɓen siminti a gefe an bar shi. Su auna tsawon kowacce, su kawo miki amsa ranar Litinin.